Kada Kowa Ya Hau Jan Babur

Fatakwal, ranar Lahadi

Adda Fanta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, da fatan kina lafiya, ke da mutanen Kahu gaba ɗaya. Yaya ƙafar taki, ta saki? Yaya Baffa Isma'ila da iyalinsa, yaya ɗanki Ubaidullahi da matarsa Muhsina? Ni lafiyata ƙalau, sai dai kifi da ya gundure ni, har mafarkin tuwon dawa da man shanu nake yi.

Jirginmu ya shigo gaɓa jiya, yau kuma za mu sake fita teku kai wa masu haƙar mai kaya. Kin san idan mun fita babu kira, sai ɗan intanet ɗin jirgi da suke buɗe mana in sun ga dama. Ki ci gaba da yadda muka saba, ki rubuta a takarda, ki ɗauki hoto da wayar da na bar miki, ki turo. Duk sanda aka buɗe zan gani.

Magana ɗaya ce ta sa na rubuto a gurguje. Jan babur ɗina, babban nan na doguwar tafiya da na saya a Kano na bar wa Ubaidullahi, a shigar da shi zauren Baffa a rufe. Kada kowa ya ƙara hawansa sai na ce, ko da zuwa masallaci ne. Na kira Ubaidullahi bai shiga ba, ƙaramar wayarsa kuma ba ta karɓar irin wannan saƙo, don haka da ke na dogara. Bayani zai biyo baya idan na gama bincike.

Ƙaninki,
Maharazu

Kahu, ranar Alhamis

Maharazu,

Wa'alaikumus salam. Saƙonka ya iso, mun gode da gaisuwa. Ƙafa da sauƙi, sai in na daɗe a tsugune. An fara yankan dawa, ta yi kyau bana. Muhsina ta yi nauyi, sai addu'a.

Na karanta maganar babur, na sake karantawa, na kife wayar na yi tagumi. Yaushe ka koyi rowa? Ko ruwan gishirin can ne ya shiga zuciyarka? Kai da bakinka, ranar da za ka tafi, a gaban mutane ka miƙa wa ɗan naka makulli ka ce ya riƙa motsa shi kada batir ya mutu. Yanzu kuma a rufe. Na san tushen zancen. Wani mai dogon baki ya kai maka labarin karcen da tanki ya yi ranar da akuya ta gitta masa a Saji. Karcen nan bai kai tsawon yatsa ba, shi kuwa sai da ya kwana bai ci tuwo ba saboda shi.

Ka san tsakanina da shi. Ɗan fari ne, ba na kiran sunansa, ba na tsayawa da shi, kamar yadda muka tarar Innarmu tana yi da Yaya marigayi. Amma dangar kara tana da ƙofofi, ina leƙensa. Kafin ya wanke fuskarsa ya wanke babur ɗin nan. Akwatunan gefe da gilashin gaba har sheƙi suke. Ran kasuwar Rano, waɗanda suka yi maka dariya suna cewa kayan China ne, kwana biyu zai yi, su ne yanzu suke roƙon a ɗauke su hoto a jikinsa.

Don haka ban gaya masa ba, ban gaya wa Baffa ba. Asirinka na rufa. Mutumin da ubansa ya rasu yana ƙarami, kawunsa ne uba, in ya ji ka ƙwace abin da ka ba shi aro saboda karce, ba zai ƙara kallonka da idon da ba. Kuma yana da buƙatarsa. Shanun gadonsu da ke rugar bayan duwatsun Riruwai an aiko cewa suna tari. Yana jiran allura daga Kano, da ta iso zai kai musu da kansa.

Idan ka huce ka rubuto. Kifin ma ka rage ci, wataƙila shi ne.

Addarka,
Fanta

A kan teku, ranar Laraba

Adda,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ki gafarce ni, yau gaisuwar gajera ce, sai yanzu aka buɗe mana na ga takardarki.

Wallahi ban san da wani karce ba. Da ma tankin ne gaba ɗaya ya lotse. Ki saurare ni da kyau. Kamfanin da ya ƙera babur ɗin ne ya turo mini saƙo, sannan wata ma'aikaciyar shagonsu na Kano ta kira ni kafin mu taso. Sun gano cewa duk baburan da suka shigo tare da nawa suna da aibi a tiyon man birkin gaba. A tafiyar kusa ba ya nunawa, daga Kahu zuwa Kibiya ko Rano birki zai kama garau. Amma idan aka yi doguwar tafiya ya ɗau zafi, aka shiga gangara ana matsa shi a kai a kai, tiyon yana iya fashewa. Man ya tsiyaye, ka matsa hannun birki ka ji fayau, babu komai. Babur ne mai nauyi, Adda, na baya kaɗai ba zai tsayar da shi a gangara ba. Muna da zaure a waya, mu masu irinsa. An sa hoton wani da abin ya same shi. Ba zan turo miki ba.

Laifina ne da ban faɗa tun farko ba. Na ji tsoron hawan jininki, kuma ba zan ɓoye ba, na ji nauyin masu cewa kayan China, na so in tabbatar tukuna. Kamfanin ya ce zai canja kyauta, har gida za su turo makanikinsu. Sai dai sabon tiyon bai iso Kano ba, kullum na tambaya sai su ce yana hanya. Sun kuma ce kada a sa masa na wani babur, ba zai yi daidai ba.

Hanyar Riruwai ita ce ainihin irin hanyar da suke nufi. Na bi ta, na san gangarenta. Tunda na karanta sunan garin nan a takardarki ban iya haɗiyar abinci ba. Ni na ba shi makullin da hannuna.

Ki je wajen Baffa yau, kada ki bari sai gobe. Na rubuta lambar shagon a ƙasa, ki kira su ki ji da kunnenki. Ko fushi Ubaidullahi zai yi da ni har abada, ya yi, yana raye.

Maharazu

Kahu, ranar Alhamis

Maharazu,

Wa'alaikumus salam. Jiki lafiya, amma hankali ba ya tare da ni. Ka yafe mini zargin da na yi maka.

Ina gama karantawa na ɗau mayafi na tafi wajen Baffa Isma'ila. Na durƙusa na zayyana masa komai. Ya saurara yana jan carbi, da na gama sai ya yi murmushi ya ce, "Fanta, a ina kika taɓa jin mai nono ta bi mutum har gida ta ce masa ta zuba ruwa a nononta? Wanda ya sayar da abu ba ya kushe shi. Ƙaninki babur ɗinsa yake so, kunyar faɗa yake ji, shi ne ya laƙa wa kamfani." Na rantse masa, ya ce to, zai yi magana. Abin da ya gaya wa ɗan naka shi ne, "Kawunka ya ce a duba birki." Iyakarta ke nan.

Shi kuma ya yi biyayya, ya kai shi Rano wajen Mahdi makanike. Mahdi ya matsa, ya leƙa, ya hau ya zaga, ya dawo ya ce birkin nan ko kada ba ya kamu irin nasa. Ba laifinsa ba ne, abin da ya gani ya faɗa. Yanzu duk gida an tsaya a kan cewa makanike ya duba.

Na kira lambar da ka bayar. Wata ta ɗauka tana ta Turanci, na ce mata ni ban ji ba, ta haɗa ni da wani Bahaushe mai ladabi. Ya ce, "Hajiya, don Allah kada a hau shi." Na ce yaushe za ku zo? Ya ce kayan yana hanya. Na ce wace hanya ce wannan da ba ta ƙarewa? Ya ba ni haƙuri. Na roƙe shi ya kira ɗan naka da kansa, ya kuwa kira. Amma da ya fara da tambayar lambar inji da sunan mai babur, sai wancan ya ɗauka 'yan damfara ne, ya kashe wayar, ya ƙi ƙara ɗauka.

Na koma ta wajen Muhsina. Ta gaya masa tana kuka. Dariya ya yi, ya ce, "Kawu ya turo Inna, Inna ta turo ki. In babur ɗinsa yake so, ina dawowa zan kai masa har Fatakwal." Na ce ta ɓoye makulli, ta ɓoye, ashe akwai na biyu a aljihunsa.

Allura ta iso jiya. An aiko daga ruga cewa saniya guda ta faɗi, kuma mota ba ta kaiwa can, allurar kuma ba ta son zafi. Jibi Asabar bayan asuba zai tafi. Ban ga laifinsa ba, abin da ubansa ya bar masa ke nan.

Na san abin da za ka ce. Amma tun da aka yaye shi aka kai shi ɗakin kakarsa, ban taɓa tsayawa na dube shi na ba shi umarni ba. In ya shigo gaishe ni, bango nake kallo in amsa. In zan ba shi fura, a hannun wani nake aikawa. Ban san ta inda ake fara magana da shi ba. Duk sanda na ji gurnanin injin nan a ƙofar gida sai in leƙa ta dangar kara. Tsoro nake ji, Maharazu, irin wanda ban ji ba ko ranar da zan haife shi.

Fanta

A kan teku, ranar Juma'a

Adda,

Assalamu alaikum. Allah Ya sa ki ga wannan kafin gobe.

Na sake rubuta wa kamfanin, amsar ita ce dai ta kullum. Na roƙi kyaftin ya ba ni wayar jirgi, ya ba ni, na kira Ubaidullahi, baƙuwar lamba ce, bai ɗauka ba. Na kira Baffa, a kashe.

Saura ke. Maganar Baffa ya ji ta rabi, ta Muhsina ya mai da ita wasa, tawa ya ɗauke ta rowa. Taki ce kaɗai bai taɓa ji ba. Na san nauyin abin da nake roƙo, a gidan nan na tashi. Amma kunyar da Inna ta koya mana ba don a binne 'ya'ya ta koya mana ita ba. Ki gaya masa da bakinki.

Yanzu za su rufe. Ki rubuto ko kalma ɗaya ce.

Maharazu

Fatakwal, ranar Laraba

Adda Fanta,

Assalamu alaikum. Kuna lafiya kuwa?

Asabar ta wuce, ga wata tana ƙaratowa, ban ga komai daga gare ki ba. Mun shigo gaɓa yau, na kira wayarki, ta Baffa, ta Ubaidullahi, ta Muhsina, babu wadda ta shiga. Na kira wani abokina a Kibiya, ya ce yana Kano, bai ji komai ba. Na tambaye shi ko an yi rasuwa a Kahu, na ji kalmar ta fito daga bakina, sai na kashe wayar.

Na san halin gidanmu. In abu ya faru, ba a gaya wa na nesa, sai a ce a bari ya dawo. Haka aka yi mini da rasuwar Inna, na sauka a tasha da tsarabarta a hannu. Don girman Allah kada ki yi mini haka. In yana asibiti ki faɗa. In ma abin ya wuce haka, ki faɗa.

A wajen aiki jiya na saki igiya a inda bai kamata ba, saura kaɗan ta ji wa wani ciwo. In na rufe ido gangaren nan nake gani da jan abu a ƙasansa. Na nemi izinin tafiya, sun ce sai wanda zai canje ni ya iso. In bai iso ba zan taho haka nan, aikin ya tafi.

Ƙaninki,
Maharazu

Kahu, ranar Juma'a

Maharazu,

Wa'alaikumus salam. Kwantar da hankalinka, yana raye, ko ƙwarzane babu. Na fara da wannan don ka iya karanta saura a zaune. Kada ka bar aikinka.

Shirun kashi biyu ne. Sabis ya ɗauke mana tun ran Lahadi, an ce injin ƙarfen sabis ɗin ne ya lalace, sai jiya ya dawo. Kafin nan kuma, ranar Asabar ɗin, na ɗau biro na ajiye ya fi a ƙirga. Ban san yadda zan rubuta maka abin da na yi ba.

Takardarka ta Juma'a na gan ta. Na kwana da niyyar in ya shigo sallama zan faɗa masa. Ya shigo bayan asuba, ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce, "Inna, zan tafi." Na kalli bango na ce, "Allah Ya kiyaye hanya." Wallahi abin da ya fito ke nan. Bakina ya bi hanyar da ya saba, kamar saniyar da ta san mashaya. Ya tashi ya fita.

Ina zaune na ji ya tayar da injin. Ban san sanda na miƙe ba. Ba takalmi, zanen da na yi salla da shi ne a kaina. Na ratsa tsakar gida, na ratsa zaure, na fito ƙofar gidan Baffa. Maza na zaune a kan tabarmi an dawo daga masallaci, har da liman. Ya ɗaure kular allura a baya, ya sa hular kwano, ya juya mini baya. Na ce, "Kai." Ƙarar inji ta haɗiye. Na ce, "Baffa, ku tsayar da shi." Baffa ya ɗaga mini hannu wai in koma ciki. Babur ya fara tafiya, ya kai gindin darbejiyar nan.

Sai na kira sunansa. Da ƙarfi, cikakke, yadda liman ya raɗa masa. Muryar da ta fito ban san tawa ba ce.

Ya tsaya. Ya kashe injin. Wurin ya yi tsit, har kukan kaji ana ji daga bayan gida. Ya cire hular ya waiwayo, yana dubana kamar bai taɓa ganina ba, kuma da gaskiyarsa, ni ma ban taɓa ganin fuskarsa kusa haka da rana ba. Yana da tabo a gira, ban san sanda ya ji ciwon ba.

Ya ce, "Na'am, Inna."

Na ce, "Sauka. Ba kawunka ne ya aiko ni ba. Ni ce nake jin tsoro."

Bai ce makanike ya duba ba, bai ce shanu ba. Ya kafe babur ɗin, ya zare makulli, ya tako ya durƙusa ya ajiye shi a gaban ƙafata. Idonsa ya cika. Ni kuwa na ɗauka na juya da sauri na shige gida.

Motar haya ya bi, ya ƙarasa da ɗan acaɓa da ƙafa, ƙanƙara ya yi ta saye a hanya saboda allurar. Bai isa ba sai washegari, ya tarar wata karsana ta bi ta farko. Sauran sun tashi. Ya dawo ran Laraba, bai yi mini zancen karsanar ba, Muhsina ce ta faɗa mini.

Mutanen kamfaninka sun zo jiya, su biyu a farar mota, har da Bahaushen nan mai ladabi. Sun canja tiyon a zaure, suka yanka tsohon suka nuna wa Baffa inda ya fara kumbura ta ciki. Baffa ya tambaya ko da ya kai Riruwai. Mutumin ya ce, "Alhaji, wataƙila ya kai, wataƙila bai kai ba." Baffa ya juya abin a hannunsa ya daɗe, bai ƙara zancen mai nono ba. Sun ce yanzu a hau. Makullin dai yana ƙarƙashin filona sai ka ce.

Matan unguwa suna ta yi da ni, wai Fanta ta zubar da kunya a gaban liman. Ban je rijiya ba tun ranar. Da na ɗauka abin zai kashe ni, sai na ga ina cin tuwona. Yau da safe ya shigo gaishe ni, na nemi bangon nan in kalla, wuyana ya ƙi juyawa.

Ka ci abinci, ko kifin ne. Baffa yana gaishe ka, Muhsina tana gaishe ka. Ubaidullahi yana gaishe ka.

Addarka,
Fanta